SA INJIN ZAMANI CIKIN TSOHUWAR MOTA: SHA'ANIN WUTA DA WAYOYI

Jawabi domin Hakimai da Malamansu

Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana wani al'amari wanda ya kan cinye dukiyar mutane a banza, ya kuma haddasa jayayya tsakanin masu motoci da makanikai da 'yan kasuwa, har magana ta kai gaban manya. Al'amarin kuwa shi ne na mutumin da ke da tsohuwar mota wadda ya ke so ƙwarai, ko don ta gado ce, ko don ƙarfin jikinta, ya yi niyyar raya ta, ya cire tsohon injinta ya sa mata na zamani. Ya kan kashe kuɗi mai yawa, a yi wata da watanni ana aiki, inji ya zauna daram a mazauninsa, a ɗaure kowane noti, amma ran da aka murɗa makulli sai ya yi ta juyi ya ƙi tashi. Daga nan sai mai mota ya ce makaniki bai iya aiki ba, makaniki ya ce mataccen inji aka sayar musu, ɗan kasuwa kuma ya dage a kan lafiyayye ya bayar. Sau da yawa ba wanda ya yi ƙarya da gangan a cikinsu. Injin lafiyarsa lau, abin da ya rasa shi ne 'yan rakiyarsa na wajen wuta, watau kwamfutarsa da wayoyinsa da makullinsa. Wanda ya gane wannan tun kafin a biya kuɗi, ya tsira daga yawancin hasarar.

Tsohon inji da na yanzu

A ɗauki misalin Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a shekarar 1968, aka kuma fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a shekarar 1975. Injin irin wannan mota ba ya bukatar abu mai yawa. Kafireto ne ke gauraya mai da iska, kwail ya ƙara wa wutar batir ƙarfi, wani abu mai juyawa kuma ya rarraba ta ga fulogi ɗaya bayan ɗaya. Wayoyin da ke zuwa ga injin ba su wuce a ƙidaya su da yatsun hannu ba. Saboda haka makaniki mai basira ya kan ɗauko inji daga wata mota ya sa wa wata, ya haɗa 'yan wayoyin nan, ta tashi a ranar.

Injin yanzu ba haka ya ke ba, kuma sannu a hankali aka zo ga wannan hali. A shekarar 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da dabarar fesa wa inji mai bisa ga umurnin na'urar lantarki, aka fara sa ta cikin wata mota ta Volkswagen. A shekarar 1979 kamfanin ya haɗa sha'anin mai da na wutar fulogi cikin akwati guda. Wannan akwati shi ne kwamfutar inji, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Yau ita ke ƙayyade yawan man da za a fesa, da lokacin da fulogi zai ba da wuta, sau dubbai a cikin kowane minti.

Hakimai za su fi kowa saurin gane yadda ta ke aiki, gama zamanta ya yi kama da nasu. Tana zaune wuri guda, ba ta ganin kome da idonta, sai labarin da a ke kawo mata. Masu kawo labarin waɗansu ƙananan na'urori ne da a ke kira sensa, kamar dagatai da masu unguwa. Wannan ya faɗi yawan iskar da ta shiga, wancan ya faɗi zafin ruwa, wani ya faɗi inda fistin ya ke, wani kuma yana jikin salansa yana sansanar hayaƙi. Da labarin nan ta ke ƙoƙarin tsayar da gauraye a kan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur, bisa ga nauyi. In labari bai zo ba, ko ya zo ta hanyar da ba ta saba da ita ba, sai ta ƙi ba da umurni, inji kuwa ba ya tashi sai da umurninta. To, ga abubuwa shida da ya kamata a bincika.

Na farko: kowane inji da kwamfutarsa

Ba kowace kwamfuta ce ke iya tafiyar da kowane inji ba, ko da kamfani ɗaya ne ya yi su. Misalin da ya fi bayyana wannan yana Amurka, inda raya tsofaffin motoci ya zama babbar sana'a da abin sha'awa. A can injin da aka fi yawan sa wa irin waɗannan motoci shi ne wanda a ke kira LS, na kamfanin General Motors, mai silinda takwas, wanda ya fara fitowa a shekarar 1997 cikin motar Corvette. A jikin karanshaf ɗinsa akwai wani faifai mai haƙora, sensa na ƙidaya su domin kwamfuta ta san inda kowane fistin ya ke. Injunan farko faifansu na ba da ƙidaya 24 a kowane juyi, na baya kuwa, daga wajen shekarar 2006, suna ba da 58. A ido injunan kusan ɗaya ne, suna zama a mazauni ɗaya, amma in aka haɗa kwamfutar mai 24 da inji mai 58, ƙidaya ta ruɗe, ba zai tashi ba. Masu aikin su kan duba launin sensar: ta mai 24 baƙa ce, ta mai 58 kuwa toka-toka ce.

Darasin bai tsaya ga Amurka ba. Injunan da a ke shigowa da su ƙasar nan, waɗanda a ke saye a Ladipo ta Ikko, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko a Panteka ta Kaduna, su ma sunansu kan zama ɗaya amma shekarunsu da ƙasashen da aka yi su dominsu su bambanta. Saboda haka kada a gamsu da faɗar ɗan kasuwa cewa iri ɗaya ne. A karanta lambar da ke jikin inji, da wadda ke jikin kwamfuta, a tabbata daga mota guda suka fito, ko kuwa daga motoci masu shekara ɗaya da tsari ɗaya.

Na biyu: damin wayoyi

Tsakanin kwamfuta da inji akwai damin wayoyi masu launi iri iri, kowace da inda ta nufa, da soket a bakinta wanda ba ya shiga sai a gurbinsa. Masu kwance motoci da yawa, saboda gaggawa, su kan sa almakashi ko adda su datse damin nan su ɗaga inji. Wanda ya sayi inji mai datsattsun wayoyi ya sayi wahala, gama sai an nemo taswirar wayoyin an bi su ɗaya ɗaya, kuma kuskure guda ya isa ya ƙone kwamfuta. Dalili kuwa shi ne batir na ba da wuta bolt 12, amma yawancin sensa da bolt 5 kawai su ke aiki, kwamfuta ce ke rage musu ita. In mai waya ya yi kuskure ya tura wutar batir kai tsaye ta wannan hanya, to, sai sayen wata. Kyakkyawan ciniki shi ne wanda aka zare damin gaba ɗaya daga soket zuwa soket. Ya fi tsada kaɗan, amma araha ba ta ado.

Na uku: makulli

Wannan shi ne ya fi ruɗa jama'a. Saboda yawan satar motoci, Jamus da Ingila suka wajabta a shekarar 1998 cewa kowace sabuwar mota ta zo da na'urar hana sata, sauran ƙasashe da dama kuma suka bi. A cikin kan makulli akwai wata 'yar ƙwaya mai ɗauke da lambar asiri. In an sa makulli, wani zobe da ke kewaye da bakin ramin makullin ya karanta lambar ya aika, in ta yi daidai da wadda kwamfuta ta sani, sai ta saki mai da wuta. In ba ta yi daidai ba, sitata ta yi ta juya inji har batir ya mutu, ba zai tashi ba. A waɗansu injunan, kamar LS da aka ambata, ya kan tashi ya yi kamar daƙiƙa biyu ya mutu, sai wanda bai sani ba ya zaci mai ne ba ya zuwa.

A motocin Peugeot na baya-baya, kamar 307 da ta fito a shekarar 2001, akwai kuma wani akwati na biyu mai suna BSI, wanda ke kula da sha'anin wutar jikin mota. Kwamfutar inji da wannan akwati da makulli an ɗaura su tare, ɗaya ba ya aiki da baƙo. Wanda zai sayi irin wannan inji lalle ne ya karɓi duka ukun, ko kuwa ya nemi masani ya sake rubuta abin da ke cikin kwamfutar. A nan ya kamata hakimai su lura: cire tsaron sata daga kwamfuta dabara ce da mai gaskiya ke bukata, amma ɓarawo ma yana bukatarta. Saboda haka masani na ƙwarai ba ya yin wannan aiki sai ya ga takardun mota da rasit ɗin inji.

Na huɗu: totur da giyabos

A tsohuwar mota, wata igiyar ƙarfe ce ke tashi daga totur ta je ta buɗe wa iska ƙofa. A yawancin motocin yanzu babu igiyar nan. Totur ya zama sensa, yana gaya wa kwamfuta yadda direba ya taka, ita kuma ta sa wani ɗan mota na lantarki ya buɗe ƙofar. Domin tsaron rai, an sa sensa biyu a cikin totur ɗin, kwamfuta tana gwada maganar wannan da ta wancan. In suka saɓa, ko aka sa totur na wata mota, sai ta hana inji ƙarfi, mota ta riƙa rarrafe. Wannan kariya ce aka yi da gangan, don kada mota ta ƙwace wa direba. Ke nan totur ma yana cikin kayan da za a karɓa tare da inji.

Haka kuma giyabos mai canja giya da kansa. Na zamani yana ƙarƙashin kwamfuta, ko tasa ta dabam, ko ta inji. In aka raba shi da ita ya kan maƙale a giya ɗaya. Wanda ya zaɓi giyar hannu ya rage wa kansa rabin wannan wahala, amma duk da haka waɗansu kwamfutocin suna son a riƙa gaya musu saurin mota, in ba su ji ba sai inji ya riƙa mutuwa duk sa'ad da aka zo tsayawa.

Na biyar: zancen da kwamfutoci ke yi tsakaninsu

Motar yanzu ba kwamfuta ɗaya gare ta ba. Akwai ta inji, da ta giyabos, da ta birki, da ta allon gaban direba, dukansu kuwa suna zance da juna ta kan waɗansu wayoyi biyu da aka murɗe tare. Kamfanin Bosch ne ya bayyana wannan tsari mai suna CAN a shekarar 1986, motar Mercedes-Benz ta shekarar 1991 tana cikin na farkon da suka yi aiki da shi. Wayoyin iri ɗaya ne a ko'ina, amma kowane kamfani da irin saƙonninsa, kamar mutum biyu da ke rubutu da baƙaƙe ɗaya amma harshensu dabam. Don haka allon Toyota ba ya jin maganar kwamfutar Peugeot.

Tsohuwar mota kuwa ba ta jin ko ɗaya. Malejinta igiya ce ke juya shi daga giyabos, agogon zafin ruwa da fitilar man inji kowanne da tasa waya. In aka sa sabon inji ba a kula da waɗannan ba, direba zai yi ta tafiya bai san zafin injinsa ba, har ruwa ya tafasa a lagireto inji ya lalace. Maganin abin shi ne a sa wa sabon injin tsofaffin na'urorin awon da allon ya sani, ƙari a kan nasa, ko a sayi ɗan akwati mai fassara tsakanin biyun, ko a ɗauko allon motar da aka ciro injin. Fankar lagireto ma ta lantarki ce, kwamfuta ke kunna ta, sai a tabbata tana tashi kafin mota ta bar gareji.

Na shida: mai da wuta

Nan ne hatsarin rai ya ke. Kafireto yana karɓar mai da ɗan matsi wanda bai kai rabin bar ba, bar kuwa shi ne ma'aunin da a ke auna iskar taya da shi. Inji mai fesa mai yana bukatar bar 3 zuwa 4, watau fiye da iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Tsohon tiyo da tsohon maɗauri ba za su iya riƙe wannan ba. In tiyo ya fashe, fetur zai yi feshi a kan salansa mai zafi, sauran labari kuwa ba daɗi. Lalle ne a sa famfon mai na lantarki, da tiyo wanda aka yi domin wannan matsi, a kuma bar kwamfuta ta riƙa kunna famfon da kashe shi. Waɗansu masu waya, don neman sauƙi, su kan haɗa famfo kai tsaye da makulli. Wannan mugun aiki ne, domin in an yi karo inji ya mutu, famfon zai ci gaba da kwararo mai.

Sa'an nan sabon inji ya fi tsoho cin wuta nesa ba kusa ba, saboda famfo da fanka da kwail masu yawa. Sai a yi aiki da altanetarsa, watau abin da ke cajin batir, a sa wayoyi masu kauri, kowace hanya da nata fis. Sa'ad da inji ke aiki, ya kamata mita ta nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5 a kan batir. A kuma ɗaure waya mai kauri daga inji zuwa jikin mota da kan batir, a kankare tsatsa da fenti a wurin ɗaurin, gama rashin kyawun wannan ɗauri ya kan sa kwamfuta ta riƙa samun labarin ƙarya. Akwai al'adu biyu na zamanin kafireto da ya wajaba a bari: cire kan batir inji na aiki don a gwada caji, da yin walda a jikin mota ba a cire batir da kwamfuta ba. Ko wanne daga cikinsu yana iya hallaka ta nan take.

Hanyoyin da ke buɗe ga mai mota

Hanya ta farko, wadda ta fi sauƙi, ita ce a nemi inji irin na motar, ko na danginta na kusa. Ta biyu ita ce a sayi inji da iyalinsa duka daga mota guda: kwamfuta, da damin wayoyi, da sensa, da totur, da makulli da zobensa, da akwatin fis. Ta uku ita ce a sayi kwamfuta mai zaman kanta, irin ta kamfanonin Haltech ko Holley, wadda ba ruwanta da makulli ko sauran kwamfutoci, amma tana da tsada, kuma sai an sami masani ya daidaita ta da injin. Akwai ta huɗu da waɗansu ke bi in abu ya gagara, watau a tuɓe kayan fesa mai a ɗora kafireto. Mota ta kan tashi, amma shan mai ya ƙaru, ƙarfi ya ragu, an kuma yar da abin da aka sayi injin dominsa. Injuna da yawa ma ba su da gurbin da za a sa abin rarraba wuta, balle a yi musu haka.

Aikin hakimi da malaminsa

Rigakafi ya fi magani. In mutum ya zo neman a rubuta masa yarjejeniya a kan irin wannan ciniki, ya kamata malami ya sa waɗannan a takarda: lambar inji, da sunan motar da aka ciro shi da shekararta, jerin kayan wutar da aka bayar tare da shi, ɗaya bayan ɗaya, ko damin wayoyi cikakke ne ko datsattse, kwanakin da aka ba mai saye ya gwada ya mayar in bai yi ba, da wanda zai ɗauki aikin waya, ko makanikin ne ko wani dabam, da ladansa. A kuma tuna wa mai mota cewa takardun motarsa suna ɗauke da lambar tsohon inji, sai ya adana rasit, ya je ofishin lasin a gyara, don kada a tuhume shi da kayan sata a hanya.

In kuwa jayayya ta riga ta taso, akwai shaidar da ba ta son kai. Tun daga shekarar 1996 a Amurka, da 2001 ga motocin fetur a Turai, doka ta sa kowace mota ta zo da wani soket mai baki 16 kusa da sitiyari. In aka haɗa wannan soket a cikin sabon aikin, aka sa masa na'urar bincike, kwamfuta da kanta za ta faɗi abin da ke damunta. Lamba P0335 tana nuna matsala ce ta sensar karanshaf ko wayarta, lambobin da suka fara da harafin U kuwa suna nuna zance ne ya yanke tsakanin kwamfutoci. Kafin hakimi ya ɗora wa kowa laifi, ya kyautu ya sa a kira mai irin wannan na'ura, a gwada a gaban masu jayayya, malami ya rubuta lambobin da suka fito. Sau da yawa sai a tarar gyaran bai wuce waya guda ko makulli guda ba, a sasanta mutane, kowa ya koma harkarsa.

Ana roƙon hakimai su isar da wannan bayani ga dagatai da shugabannin makanikai da na masu sayar da kayan mota da ke ƙasashensu, malamai kuma su ajiye jerin nan kusa domin ranar bukata. Iyakar jawabin ke nan.